Asabar, ranar batiran jirginmu

Yau tun bayan sallar asuba ɗan yayata ya zo ya tsaya min a ƙofa da gangar ƙaramin jirgin ruwan nan na wasa a hannu, wai Kawu ka ce yau za mu sa masa inji. Sati uku kenan muna fama da shi, tsawonsa santimita 55 ne, da siririn katako muka yi shi muka shafe shi da gam har sau biyu, mun gwada a baho ruwa ba ya shiga alhamdulillah. Abin da ya rage shi ne moto, ko roto kamar yadda yaran ke cewa, sai batir da caja.

Ni da farko raina na kan moton nan marar burushi, wanda ake rubuta wa KV a jiki. Lissafinsa ba wuya, in an ce 3000KV to kowane bolt ɗaya zai ba ka juyi 3000 a minti in babu kaya a kansa, ka ga a bolt 7.4 ya wuce juyi 22,000 kenan. Amma shi ba a haɗa shi da batir kai tsaye, sai da nasa ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudunsa, mai wayoyi uku, kuma irin wannan gudun yana son a zagaya masa ruwa ya riƙa sanyaya shi, ga shi ban san inda zan samu a Gombe ba sai dai a yi oda a jira. Kuma gaskiya jirginmu mai faɗin ciki ne, tafiyar natsuwa ta dace da shi. Sai na haƙura na ciro moton wani tsohon diril da ya lalace a shago, lamba 550 mai burushi, bolt 12, wayoyi biyu kacal, kuma ko ruwa ya ɗan fantsama masa ba ya damuwa sosai.

Wajen batir ne aikin ya ɗauke mu yini guda. Ina da tsoffin batiran laftof guda biyu, na fasa su na fitar da 18650 guda shida, waɗannan masu kama da batirin tocila, kauri milimita 18 tsawo 65, daga nan ma sunan ya fito. Kowanne bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2, to uku a jere 11.1 kenan, cikakke 12.6. Na zaɓi uku mafi lafiya muka haɗa, muka cika baho, yaron ya riƙe jirgin ni kuma na sa mita a kai. A iska farfela na juyawa kamar me, amma tana shiga ruwa sai na ga lamba na gangarowa, bolt 12.4, 10, har ƙasa da 9 cikin ɗan lokaci, kukan moton ya koma gurnani, na taɓa batiran da bayan yatsa na ji ɗumi. Ya ɗago ya kalle ni ya ce Kawu sun mutu ne? Na ce a'a ba su mutu ba, ba aikinsu ba ne kawai. Batirin laftof an yi shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na awanni, shi kuwa ruwa yana riƙe farfela ne, moto ya yi ta zuƙar wuta da yawa a lokaci ɗaya.

Bayan azahar muka hau Keke Napep zuwa babbar kasuwa wajen masu kayan wuta. Wani mai shago ya miƙo min jajaye masu ƙyalli an rubuta 9900mAh, wato yawan wutar da batir ke ɗauka, ya ce Alhaji wannan ai ka gama. Raina ya ɓaci wallahi, domin 18650 na gaskiya yawanci bai fi wajen 3500mAh ba. Na roƙi ƙaramin sikeli a shagon maƙwabcinsa, na gaske yakan kai giram 45 ko kusa da haka, nasa ko 30 bai cika ba. Ban yi musu da shi ba, ƙila shi ma haka aka kawo masa, amma na yi ta tunanin mutane nawa ne suka saya suka sa a fitila ko fanka suna mamakin me ya sa ba ta kwana.

Can ciki muka samu wani dattijo mai gyaran diril da injinan hannu, shi ya fitar mana da fakitin batirin diril da kwanonsa ya fashe amma ƙwayoyin ciki lafiya lau, Samsung 25R ne, 2500mAh kuma kowanne yana iya ba da amfiya 20. Ya auna min su ɗaya bayan ɗaya a gabana, ya ce ɗana kar ka haɗa tsoho da sabo, kar kuma ka daɗe da kan solda a jikinsu, zafi ke kashe su. Allah ya saka masa da alheri. Na so LiPo, wani nau'in batir na daban, don ya fi sauƙin nauyi, amma yaro ne zai riƙa ɗauka, LiPo kuwa jikinsa laushi gare shi, in ya huje ko ya kumbura wuta ce, ga zafin garin nan.

Caja kuwa ina da ƙananan allunan TP4056 a shago, amma su ƙwaya ɗaya suke caji, sai in riƙa warware fakitin kullum. Abokina ya ara min iMAX B6 ɗinsa, tana duba kowace ƙwaya daban ta daidaita su a 4.2, kuma abin da ya fi burge ni tana karɓar wuta daga bolt 11 zuwa 18, wato kai tsaye daga batirin solarmu ba sai mun jira an kawo wuta ba. Na saita ta a amfiya 1.2, wajen rabin ƙarfin batirin, ba sauri muke ba. Maman yara ta ce ba a ɗakinta ba, kuma ta yi gaskiya, sai muka sa fakitin a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da yashi a gindi muka ajiye a tsakar gida kan siminti, muka zauna kusa har ta yi ƙara.

Da magariba muka sake gwadawa a baho. Wannan karon mita ta sauka 11 da ɗoriya ta tsaya nan, ruwa na tsalle har kan rigarsa, sai da ya sa hannu biyu ya riƙe jirgin. Moton na jan wajen amfiya 8, a lissafi minti 18 kenan, amma na ce masa minti 12 za mu riƙa tsayawa don kar ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3. Fakitin ya ɗan danne bayan jirgin, gobe zan matso da shi tsakiya in ɗaure, in sa fis, in naɗe shi a leda mai kauri. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu madatsar ruwan Dadin Kowa za mu, kuma na riga na gaya masa da zaren kamun kifi ɗaure a bayansa za mu fara sakinsa.