Daɓe ɗaya, rawa iri biyu

Ni na riƙe aikin kula da dandamali a wasan ƙarshen zango na ƙungiyar rawa ta ɗalibai a jami'ar da na yi karatu a Ingila. 'Yan rawa 23, rawa tara, huɗu na bale, wato tsohuwar rawar dandamali ta Turai, biyar na rawar zamani irin ta dandamali, wadda ake yi ba takalmi, ana faɗuwa ƙasa ana mirginawa. Dare biyu muka yi. Kafin mu fara na ɗauka kiɗa da fitilu ne za su ba ni wahala. Ashe daɓe ne.

Dandamalin da muka samu faɗinsa mita 10, zurfinsa mita 8, katako ne da aka kwantar kai tsaye a kan siminti. Wannan bai dace da tsalle ba. Daɓen rawa na gaskiya yana da ɗan lotsawa, allunan katako ne a kan guntayen soso, shi yake shanye nauyin mai dira. Idan babu shi, ƙwauri da gwiwa ne ke shanyewa. Bayan gwaji biyu a wurin mutum uku suka fara kukan ciwon ƙwauri, sai muka yi hayar allunan. Kusan rabin kuɗinmu ya tafi a nan, kuma ban yi da-na-sani ba.

A kan allunan ake shimfiɗa ledar rawa, baƙa, mai kama da ledar ɗaki amma ba ta sheƙi. Tamu ƙunshi huɗu ce, kowane faɗinsa mita 2. Kuskuren farko: a cikin mota ta kwana, a sanyin watan Maris, muka shimfiɗa ta muka manne nan take. Da ɗakin ya ɗumama sai ta saki jiki, ta yi tudu-tudu a tsakiya kamar kunya a gona. Dole muka ɓare tef ɗin gaba ɗaya. Yadda ake yi shi ne a warware ta a bar ta ta kwana a ɗakin, washegari a manne gefe ɗaya, mutum huɗu su jera su ja ta da ƙafa zuwa ɗaya gefen, sannan a manne. Tsakanin ƙunshi da ƙunshi a bar 'yar tazara kamar kaurin tsabar kuɗi kafin a bi da tef, kada bakinsu ya hau juna.

Rigimar ta taso ne daga nan: abin da 'yan bale ke so daga daɓe ba shi 'yan zamani ke so ba. Mai takalmin ɗage, wato takalmin bale da ake tsayawa da shi a kan yatsun ƙafa, tana tsaye a kan wani ɗan fili da bai kai tafin hannun jariri ba, an lulluɓe shi da satin, don haka tana son daɓe mai riƙo. Mai rawa ba takalmi yana son ya juya a kan fatar ƙafarsa, ya zame a kan kafaɗa, idan daɓen ya cika riƙo fatarsa ce za ta saluɓe. 'Yan bale sun zo da ƙaro, irin wanda masu goge ke gogawa a tsirkiya, suna dakawa suna taka garinsa. A kan katako tsirara yana aiki. A kan leda yana daskarewa wuri-wuri, nan riƙo can santsi, wanda ya fi santsi zalla haɗari, domin ƙafa ba ta san abin da za ta tarar ba. Masu ledar ma sun rubuta a takardar haya cewa ba su yarda da shi ba. Muka hana. Wani ya ce a zuba lemon kwalba a ruwan mofa, tsohuwar dabara ce ta gidajen wasa, amma sukari ne kawai ke bushewa yana danƙo yana tara ƙura. Shi ma muka ƙi.

Abin da ya kusa jawo mana targaɗe kuwa man shafawa ne. A gwajin sutura, bayan wata rawar zamani mai yawan kwanciya, 'yar bale ta shigo ta yi juyi, ƙafarta ta tafi, ta zauna daɓas. Na haska tocila a kwance da ledar, sai ga shatin baya da na cinya suna ƙyalli. Wanda ya san yadda baƙar fata ke yin fari fat a sanyin Turai ya san dalilin da ya sa wasunmu ba sa fita sai sun sha man kaɗanya, ga shi kuma hannu da ƙafa a waje suke ƙarƙashin fitila. Ba a ce wa mutum kada ya shafa mai kwata-kwata. Dokar da ta yi aiki ita ce a shafa da daddare, ranar wasa kuma babu mai a jiki, babu a gashi, har da feshin gashi sai a bayan gida.

Wannan ya tilasta mana sake jerin rawar. Da farko mun cakuɗa su don 'yan kallo kada su gaji. Muka mayar da duk masu takalmin ɗage kashi na farko, daɓe na da tsabta, masu mirgina kuma bayan hutu. Hutun minti 15 ne: shara minti uku, mofa da ruwan ɗumi zalla, a matse ta sosai, sauran lokacin na bushewa. Sabulun goge daɓe na gida yana barin sheƙi, kada a kusance shi. Wurin jerin kuma a duba kada mutum ɗaya ya fito a rawa biyu a jere, domin ɗaura zaren takalmin ɗage kaɗai yana cin minti uku zuwa huɗu idan ana so ƙullin ya ɓuya a gefen idon sawu.

Cikin 'yan bale 11, huɗu kawai suka hau takalmin ɗage. Malamar da ke taimaka mana ta sa kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗaga diddige sau 20 ba tare da idon sawu ya karkace ba. Wadda ta kasa, takalmi mai laushi. An yi fushi, amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma yawancin ɗaliban jami'a sun bar bale shekara uku ko huɗu kafin su dawo, kai na tuna motsin, ƙafa ta manta. Kan takalmin ba katako ba ne kamar yadda mutane ke zato, yadi ne da takarda da gam aka jera aka busar. Gumi na narkar da shi. Don haka kowa takalmi ƙafa biyu, ana hutar da ɗaya ta bushe kwana guda, ba a cikin jaka ba. Sabo fil kuma ƙara yake yi kamar ana buga ƙofa, sai an bubbuga kansa a siminti, an kankare tafin da wuƙa. Ɗaya daga cikin huɗun ta sayi mai ruwan ƙasa, wanda kamfanin Freed of London ya fitar tare da ƙungiyar Ballet Black a 2018. Kafin nan hodar kwalliya ake shafa wa mai ruwan hoda don ya dace da fata, kuma hodar tana zuba a daɓe.

Sunayen motsin bale kusan duk na Faransanci ne, gadon makarantar rawa da Sarki Louis na 14 na Faransa ya kafa a 1661, 'yan zamani kuwa kowane mai tsara rawa da nasa yaren. Ni ba sunan motsi nake bi ba wajen kiran fitila. Ƙirga nake bi, takwas-takwas, na rubuta a littafi. Inda babu kiɗa sai na nemi alamar ido: idan hannun ta uku ya taɓa ƙasa, fitila ta 14.

Fitilun rawa daga gefe suke zuwa, a kan sanduna a tsaye, ɗaya daidai ƙwauri, ɗaya daidai ƙugu, ɗaya daidai kai, don su fito da surar jiki. Suna kashe ido. Mai juyi tana kafa idonta a wuri ɗaya tana dawo da kai gare shi a kowane zagaye, shi ke hana jiri, to a ɗakin gwaji madubi take kallo, a dandamali kuwa duhu ne a gabanta. Ƙaramar jar fitila a bangon baya na 'yan kallo, daidai tsakiya, ta magance wannan. Madubin ma mun rufe shi da zanen gado saura mako biyu, kuma mun shata girman dandamalin da tef a ɗakin gwajin, wanda ya fi shi faɗi da mita 2. Da mun yi tun farko, da ba a sake tsara wata shiga da gudu ba saura kwana huɗu.

Ɗumama jiki minti 40 ne kafin a buɗe ƙofa, kowa da kowa, bayan kujeru a madadin sandar dafawa. Amma mai fitowa a rawa ta takwas ya huce kafin lokacinsa, don haka na riƙa aika masa saura rawa biyu ya sake motsa jiki, kuma na roƙi a bar zafin bayan labule a digiri 21.

Daren ƙarshe mun ɓare tef ɗin a hankali, a kwance, don kada ya bar gam. Ledar kuma a jikin bututunta ake naɗe ta, ba a ninkewa, domin inda ta karye ba ya komawa, kuma daga kuɗin ajiyar da aka bari ake cirewa.