Shekarar da kowane ɗalibina ya samu kwamfuta

Ina koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a cikin birnin Kano. Mai makarantar da iyaye ne suka haɗa kuɗi aka sayo kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu, kowane ɗan aji biyar da tasa. Ranar da aka raba, sai ka ce hawan sallah. Ni ma na ɗauka an gama da faɗuwa jarrabawa.

Wuta ce ta fara ba mu ciwon kai. Batiran sun tsufa, da an ɗauke wuta sai su bi ta, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Hunturu ya shigo, ƙura ta toshe fankokin, na yi ta zirga-zirga wurin masu gyara a titin Beirut.

Amma abin da ya hana ni barci sakamakon zangon farko ne, maki bai motsa ba. Na kira wata yarinya mai ƙoƙari, ta buɗe min kwamfutarta, darussa tsaf a jere. Na ba ta lissafi ɗaya daga ciki, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, wallahi na kwafe duka." A nan na gane laifina ne. Abin da nake rubutawa a allo shi na mayar cikin na'ura, su kuma suna kwafa kamar kullum.

Daga baya na karanta cewa ba mu kaɗai ba ne. Shirin da wani Ba'amurke, Nicholas Negroponte, ya ɓullo da shi a 2005, na kwamfutar dala 100 ga kowane yaro, an gwada shi a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007. A ƙasar Peru kuwa, binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 ya nuna makin lissafi da na harshe bai ƙaru ba bayan wata 15, duk da yaran sun saba da na'urar.

Sabawar nan ma riba ce, tunda daga 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, kuma na sha ganin hannun ɗalibi yana rawa a kan linzamin kwamfuta.

A zango na biyu na sauya salo. Kwamfuta a rufe take har sai na yi bayani sun gwada a littafi. Sau biyu a mako muke buɗe GeoGebra, wata manhajar lissafi wadda ba sai da intanet ba, mu zana layi. Wani yaro da ke zama can baya ya yi ta canza lamba ɗaya, layin yana miƙewa yana kwantawa, sai ya ɗaga murya, "Malam, ashe wannan ce ke karkatar da shi!" Mako uku na yi ina bayanin haka da alli.

Da mai makarantar ya ce zai sayo wa 'yan aji huɗu nasu, na roƙe shi ya dakata. Na ce, "Alhaji, a fara sa mana sola, sannan a zaunar da mu malamai a koya mana tukuna."