Filashin .m2 da saƙon da na tura wa oga ranar Juma'a

Jiya na miƙa laftof ɗin ofis da katin shiga, bayan shekara biyar da 'yan watanni ina rubuta manhaja da yaren Java a wurin nan. Ba zan kama sunan kamfanin ba, waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya sun san inda nake nufi, sun kuma san wane ne oga. Tun a hanyar gida abu ɗaya ke ta dawo mini a rai, wani ɗan saƙo mai kalma shida da na tura a WhatsApp ranar Juma'a 10 ga Disamba 2021: "Oga mu lafiya lau, na duba."

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya sa saƙon nan ya zame mini ƙarfen ƙafa.

Ranar da na fara aiki abu biyu aka ba ni, laftof da wani filashi ja da aka ɗaura wa zare. A cikinsa akwai jakar .m2 gaba ɗaya, wato rumbun da Maven, manhajar da ke harhaɗa mana aikin Java, ke tara duk laburaren da ya sauko da su (laburare su ne guntayen manhaja da wasu suka riga suka rubuta muke ɗora aikinmu a kai). Ka kwafa ka zuba a kwamfutarka shi ke nan, aiki ya haɗu. Kuma ni har yau ban ga wautar wanda ya fara wannan dabara ba, duk wanda ya taɓa zama yana kallon Maven na jan ɗaruruwan fayiloli daga Maven Central, babban rumbun laburare na intanet, da datar wayarsa, netwok na zuwa yana ɗaukewa, ga wuta an ɗauke batir na kuka, ya san dalili. Matsalar ita ce a cikin filashin nan akwai kayan da babu su a ko'ina a duniya sai nan. Babba a cikinsu shi ne jar ɗin kamfanin da ke tura mana saƙon tes zuwa wayoyin kwastomomi (jar shi ne fayil ɗin da ake ƙunshe laburaren Java a ciki). Ta imel suka aiko shi tun kafin zuwana, wani ya cusa shi da `mvn install:install-file`, Maven ya ƙirƙira masa ɗan pom, wato fayil ɗin da ke lissafa abubuwan da jar ya dogara da su, wanda babu komai a ciki sai suna da lamba. A idon Maven wannan jar ɗin maraya ne, bai dogara da kowa ba, bai ɗauko kowa ba.

Sau biyu ina roƙo ta imel a kafa mana Nexus, rumbu ɗaya na ofis da kowa zai riƙa ɗiba daga ciki, a san me ya shigo kuma wa ya shigo da shi. Na farko a Janairun 2020 ne, lokacin da Maven Central ya rufe ƙofar HTTP ranar 15 ga wata ya ce sai HTTPS, mu kuma tsohon adireshi ne a saitinmu, muka wuni muna ganin kuskure mai lamba 501 ana ta zargin netwok. Na ce oga manhajar kyauta ce, 'yar ƙaramar saba, wato kwamfutar da za ta zauna a kai, kawai take so. Ya ce "Kai dai ka cika neman aiki, wa zai biya kuɗin sabar, kai?" Na biyu ko amsa imel ɗin bai yi ba.

To ranar Juma'ar nan muna dawowa daga masallaci waya ta cika da maganar Log4j. Ramin tsaro ne aka gano a wannan laburaren da ke rubuta log, wato bayanan abin da manhaja ke yi, aka ba shi lamba CVE-2021-44228, maki 10 cikin 10 na haɗari, daga baya aka riƙa ce masa Log4Shell. Wani ma'aikacin tsaro na Alibaba a China, Chen Zhaojun, shi ya sanar da Apache, gidauniyar da ke kula da Log4j, tun ƙarshen Nuwamba. Abin tsoron shi ne sauƙinsa, mutum ya rubuta 'yar jimla da ta fara da `${jndi:ldap://` a kowane gurbi, ko na suna ko na adireshi, idan dai manhajarka ta rubuta wannan jimlar a log to Log4j da kansa zai fita waje ya nemi sabar maharin, ya ɗauko abin da aka ajiye masa ya kunna. Oga ya kira ni muryarsa na rawa, bankin da muke yi wa aiki sun tambaya, yana son amsa kafin la'asar.

Na buɗe laftof na buga `mvn dependency:tree`, umarnin da ke jero bishiyar laburaren da aikinmu ya dogara da su, na tace sunan log4j. Abu biyu suka fito, log4j-api da log4j-to-slf4j. Babu log4j-core, wanda a cikinsa ramin yake. Mu Spring Boot muke amfani da shi wajen gina manhajarmu, shi kuma da Logback, wani laburaren log na daban, yake zuwa idan ba kai ka canza ba, masu Spring ma sun fito a ranar sun ce wanda bai koma Log4j2 da hannunsa ba abin bai shafe shi ba. Duk abin da na gani gaskiya ne. Minti goma bai cika ba na tura saƙon, har da ɗan jin daɗi a raina cewa na kwantar wa kowa da hankali.

Ranar Talata masu tsaron bankin suka kira. Sun ga sabarmu tana ta ƙoƙarin fita waje ta ƙofa mai lamba 1389 zuwa wasu adireshi da ba su sani ba. Katangar tsaronsu ce ta tare, Allah ya rufa asiri ko kwabo bai fita ba, bayanan kowa bai fita ba. Amma ƙoƙarin fitar kaɗai ya isa shaida cewa wani abu a cikin kayanmu ya karanta jimlar nan ya yi mata biyayya.

Daren nan ban koma gida ba. Na zazzage jar ɗin da muke turawa saba na baje shi, na bi ƙananan jar ɗin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya da `unzip -l` ina neman kalma ɗaya, JndiLookup, sunan ɓangaren Log4j da ke yi wa jimlar nan biyayya. Wajen ƙarfe biyu na dare, janareta ya mutu sai hasken allo da sauro, na iso kan jar ɗin masu tes. Ga shi nan kwance. Sun haɗiye log4j-core ɗungurungum a cikin nasu, sun ma sauya masa sunan fakiti yadda ba zai yi karo da na kowa ba, abin da maven-shade-plugin ke yi. Hanyar kuwa a miƙe take: fom ɗin rajista a buɗe yake ga kowa, mahari ya zuba jimlarsa a gurbin suna, mu muka ɗauki sunan muka saka a saƙon barka da zuwa, jar ɗin masu tes ya rubuta saƙon a log ɗinsa. Na daɗe ina kallon layin nan, hannuna ya yi sanyi. Jar ɗin da na kwafa daga filashi a ranata ta farko, na kwafa wa wasu mutum huɗu bayana, ban taɓa buɗe cikinsa ba ko sau ɗaya.

Laifina na san shi kuma ban taɓa musu ba. Bishiyar da Maven ke nunawa abin da aka rubuta a pom kawai take faɗa, ba ta leƙa cikin jar. Na san da haka a karatu. Da na ce "na duba pom, saura in buɗe jar ɗin da aka kawo da hannu, a ba ni zuwa dare", da magana ta ƙare. Na ce na duba alhali rabi na duba, saboda ana jira na kuma ina son a ce na iya.

Abin da ban yafe ba shi ne zaman da aka yi washegari da mutanen banki. Oga ya ciro wayarsa ya karanta saƙona da ƙarfi, kalma shidan nan, har ya juya allon ya nuna musu sunana a sama. Ya ce shi ya yarda da ma'aikacinsa ne, yaran yanzu gaggawa ta yi musu yawa. Bai ce shi ya karɓi jar ta imel ba tare da ya nemi jerin abin da ke cikinsa ba. Bai ce sau biyu ana roƙonsa rumbu yana hanawa ba. Ina zaune imel ɗin nan biyu suna cikin wayata, na sa hannu a aljihu na taɓa ta, na fasa. An tarbiyyantar da mu ba a kunyata babba a gaban baƙi. Shi kuwa bai ga komai ba a kunyata ƙarami. A shekarar ba a ƙara mini ko sisi ba, kuma har na bar wurin idan sabon ma'aikaci ya zo sai an ba shi labarin "na duba".

Gyaran ma ni na yi shi. Masu tes suka ce sai sun tuntuɓi injiniyoyinsu, muka ga ba za mu jira ba, na cire JndiLookup.class daga cikin jar ɗinsu da `zip -d`, dabarar da Apache da kansu suka bayar ga wanda ba zai iya sabuntawa nan take ba. Su Apache ɗin ma a watan ba su huta ba, 2.15.0 ta fito aka ga da saura, sai 2.16.0, sai 2.17.0, kafin shekara ta ƙare ga 2.17.1. Mutanen da ke riƙe da laburaren nan 'yan sa-kai ne fa, duniya na cin gumin su kyauta, ranar da abu ya ɓaci kowa ya taso musu. Na ji su a jikina sosai a makon nan.

A Janairu aka kafa Nexus. A taron ma'aikata oga ya gabatar da shi a matsayin sabon tsarin da ya kawo.

Sauran abin da na koya ba su kai wannan ciwo ba, amma ga wanda zai gaji kujerata: idan laburare biyu suka jawo abu ɗaya da lamba daban, Maven na kusa yake ɗauka a bishiya, idan nisansu ɗaya wanda aka fara rubutawa, Gradle, takwaran Maven, kuwa mafi sabo yake ɗauka, kuma rashin sanin wannan ya taɓa cinye mana kwana biyu a kan kuskuren NoSuchMethodError na laburaren Jackson da ke fitowa a saba kawai. Ka kafe lambobinka a dependencyManagement ko ka jawo BOM, wato jerin lambobin laburaren da suka dace da juna, ka kunna maven-enforcer-plugin ya riƙa tsayar da aiki idan lambobi suka saɓa, za a zage ka sati ɗaya sannan a saba. Kada SNAPSHOT, wato sigar da ba a gama ba, ya je wurin kwastoma. Ka sa mvnw a cikin aikin don kowa ya yi amfani da Maven iri ɗaya. OWASP Dependency-Check, mai binciko sanannun ramukan tsaro a laburare, yana da surutu, wani lokacin ya yi ihu a kan abin da bai shafe ka ba, duk da haka ka bar shi a kunne. Ƙaura zuwa Spring Boot 3, da Java 17 da sauya javax zuwa jakarta, na bar muku rabinta, ku fara da jar ɗin 'yan waje domin su ne za su ƙi tafiya. Kuma duk wanda ya miƙo maka jar ta imel ko ta WhatsApp, ko wane ne shi, ka buɗe cikinsa a gabansa, ka sa ya rubuta maka abin da ya ƙunsa. Idan babba ya hana ka abin da ka san ana buƙata, ka nemi ya hana ka a rubuce, ka kuma saka wani a kwafin imel ɗin. Wannan na ƙarshen da na so a ce ban koye shi ba.

Sati biyu da suka wuce aka kawo mana wata 'yar hidimar ƙasa. Ta zauna kusa da ni ta ce "Yaya, an ce akwai filashin da ake bayarwa?" Na ce mata ta jawo aikin daga Git, ma'ajiyar da muke adana shi, kawai ta buga `./mvnw verify`. Ta buga, muka zuba wa allo ido, layuka na ta gudu daga rumbun ofis, kafin shayinta ya huce ya rubuta BUILD SUCCESS. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da abin da take yi, ba ta ga wani abin mamaki ba.

Filashin ja yana cikin durowata tun 2022. Jiya da nake kwashe kaya na ɗauke shi na jefa a jaka, ba ya cikin jerin kayan ofis da aka ce in mayar.