Asabar, cikin but ɗin Fijon Baba

Na yi niyyar gama but ɗin nan kafin azahar. Yanzu sha ɗayan dare ta wuce, ko rabi ban kai ba, kuma ba ciwon bayan ne ya hana ni barci ba.

Da safe komai ya tafi daidai. Sanyin hunturu ya taimake ni, domin baƙar robar da aka shafe cikin but ɗin da ita, wadda nake kankarewa, idan ta kwana cikin sanyi tauri take yi, sai ka kafa makankari ka ɗan buga da guduma ta ɓalle kamar ɓawon gyaɗa. Ni da Auta muka cika bokiti guda kafin tara, muna ta hira, Hajiya ta aiko mana da koko da ƙosai. Da rana ta ɗaga sai abin ya koma danƙo. Tina, ruwan sirka fenti, ba ta yi masa komai, na zuba na jira, ko gezau. Na gwada burushin waya a giranda, ya narkar da robar ta naɗe wayoyin, cikin minti biyar burushin ya tashi aiki. Dole na koma ga na'urar hura zafi: a gasa wuri kamar tafin hannu, a tura makankari, a matsa gaba. Hayaƙin ba na wasa ba ne, yana kama maƙogwaro, shi ya sa muka turo motar waje gindin darbejiya na kuma kori Auta gefe. Gara da Oga, mai gyaran jikin mota, ya matsa aka sauke tankin mai tun jiya. Ya ce tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke kamawa.

Wannan shafi an yi shi ne don bayan motocin akori-kura, inda ake jibga siminti da rodi. Ba shi da abin yi a but ɗin 504 ta 1982.

Wajen sha ɗaya na kai ga fentin asali a ɓangaren dama, ruwan madara, yana nan da sheƙinsa kamar yadda ya fito daga masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna. Ga kuma layuka biyu dogaye da akwatin ƙarfen Baba ya goge, wanda yake zuba sifana da jak da igiya. Na kira Auta ya zo ya gani. Shi bai san akwatin ba, ni kuwa har ƙararsa nake ji in mun hau gargada a hanyar Zariya. Na daɗe ban yi farin ciki irin na wannan lokacin ba.

Ɓangaren hagu kuma robar ta riƙa tasowa da kanta, falle-falle, ba sai na gasa ba. Murna na fara yi. Sai na ga abin da ke ƙasa, ja wur, yana marmashewa, da danshi a cikin hunturun nan.

Oga ya iso bayan azahar. Ya leƙa, bai ce uffan ba, ya zaro sukundireba daga aljihu ya danna a kusurwar hagu. Ta shige har mariƙi. Ya matsa gaba kaɗan ya sake dannawa, nan ma ta shige.

"Yallaɓai, nan ya mutu. Yanka za a yi."

Na ce a'a, a kankare a sa foti, abin da ake cike ramukan jikin mota da shi.

"Foti a kan me? Iska zai kama?" Ya ja robar bakin murfi ya nuna mini inda ta tsage. Ya ce ta nan ruwan damina yake shiga, ya bi ta ƙarƙashin shafin ya kwanta, ba rana ba iska, shekara da shekaru. Inda aka goge ƙarfen kafin a shafa, robar ta kama, ƙarfen ya tsira. Inda aka shafa a kan tsatsa, rufe ta kawai aka yi ta ci gaba da cinta a ɓoye. Sannan ya tambaye ni: "Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce wani mai fenti ne.

Gaskiya ce, amma rabinta. Ni na kai motar a 2017, ni na biya, ni na dawo da ita gida ina jin daɗi na buɗe wa Baba but ɗin ya gani. Ya shafa da hannu, ya ce ya yi kyau, sannan ya ce, "An kankare tsatsar tukuna?" Na ce an kankare. Ban gani ba. Mai fentin ne ya faɗa mini, ni kuma ina sauri, ban tsaya ba. Baba ya gyaɗa kai ya rufe but ɗin. Mutumin da ba ya bari a canja masa ko fulogi sai yana tsaye a kai, ya yarda saboda ni ne na faɗa.

Wannan tambayar ce ke ta dawo mini tun la'asar. Na ɗaga wa Oga murya a kan maganar yanka, alhali ba da shi nake ba. Ya bar ni na gama, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yallaɓai, ai motar tana gyaruwa." Na ba shi haƙuri kafin ya tafi.

Mun tsaya a kan haka: ba za a cire ƙasan gaba ɗaya ba. Zai yanke hagu kaɗai, kamar taku ɗaya da rabi, ya bar dama da layukan akwatin yadda suke. Ranar Litinin zai zaga Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, ko a sami tsohon jikin salun a yanko daga ciki. Ya ce ba zai yi wuya ba, tunda tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kuma an ci gaba da 504 a nan shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. In ba a samu ba, zai buga faranti da hannu. Na ce duk wurin da za a shafa jan fenti sai na gan shi da idona, ƙarfe tsirara. Ya ce to.

Hajiya ta tambayi motar da magariba. Na ce ana aiki.

Auta ya ƙone ɗan yatsa, ba sosai ba. Wuta ta tafi tun uku. Hannuna har yanzu warin roba yake duk da sabulu da toka.

Saura ramin kusurwar dama da bangon bayan kujera. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da asuba, kafin rana ta sassauta robar.