Yadda manhajar kyauta ta cika min laftof da talla

Ni fa abin da nake nema kawai manhajar da za ta juya min PDF zuwa Word, ina taya ƙanwata buga furojet ɗinta. Na faɗa wani shafi na ga ƙaton maɓalli kore na dawunlod, na danna ya sauko, sai na yi ta danna next next ban karanta komai ba kamar yadda muka saba. Ashe akwai wasu 'yan akwatuna da an riga an yi musu tik, wai na yarda a haɗa min da wasu manhajoji biyu da ban nema ba.

Washegari na buɗe Chrome, babu Google a gaba, wani injin bincike ne can da ban taɓa jin sunansa ba. Talla kuwa ta ko'ina, ta caca, ta maganin maza, har wata ta tsiraici ta faɗo daidai lokacin da Baba ke tsaye a kaina yana jiran in fitar masa da takarda, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Fankar laftof ɗin na ta ihu, data na tafiya kamar ana zubarwa a kwata.

Da na kai wa abokina mai gyara ya ce kunyar ma mai sauƙi ce, irin wannan manhajar tana bibiyar duk shafin da ka shiga tana miƙa wa masu talla, wata tallar kuma ta ce maka kwamfutarka ta kamu danna nan a gyara, to nan ne asalin bairos zai shigo. Ya tuna min da Superfish, wata manhajar talla wadda a 2015 aka gano tana zuwa cikin wasu sabbin laftof na Lenovo, tana cusa talla har a shafukan da ke da alamar kwaɗon tsaro, abin da ya bar ƙofa ga ɓarayin bayanai. Nan cikina ya ɗuri ruwa, don a laftof ɗin nan nake shiga banki.

A Control Panel muka jera manhajoji ta kwanan wata muka cire duk abin da ya shiga ranar, muka goge ekstenshon uku (ƙananan manhajojin da ke maƙale wa birawuza) a Chrome, amma bayan ristat tallar ta dawo, sai da AdwCleaner, manhajar da ke farautar irin waɗannan masu cusa talla, ta tono sauran. Fasuwod ɗina duka a waya na canza su daren nan. Yanzu in zan saka abu Custom nake zaɓa a wajen sakawa, inda ake nuna akwatunan, in cire tik ɗaya bayan ɗaya, furojet ɗin kuma daga baya na gane Word ɗin kansa yana buɗe PDF.