Kuskuren da na yi da wasan Tommy Cooper

Ƙannena masu son yin barkwanci, musamman ku da ke ɗora bidiyo a TikTok, bari in ba ku labarin wani Bature da na yi wa mummunar fahimta, har abin ya ci min shekaru.

Sunansa Tommy Cooper. An haife shi a 1921 a garin Caerphilly na yankin Wales a Birtaniya. Dogo ne ƙato, kullum da jar dara a ka, wadda aka ce ya samo a Masar lokacin da yake soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya taso a ƙarshen zamanin gidajen wasan da ake kira music hall, inda mawaƙi zai sauka mai tsalle-tsalle ya hau, shi ma ya sauka ɗan barkwanci ya hau, kowa da 'yan mintunansa. Daga nan ya shiga talabijin ɗin BBC tun a ƙarshen shekarun 1940. Sana'arsa rufa-ido ce, amma rufa-idon da ke lalacewa a gaban jama'a. Zai ce zai sauya wa kwalba da kofi wuri, sai asiri ya tonu, kwalabe su yi ta fitowa har su cika tebur, shi kuma yana zare ido yana dariyar ruɗewa.

Ina makarantar sakandare na ga kaset ɗinsa a gidan wani malaminmu. Abin da na ɗauka shi ne mutumin bai iya komai ba, kuma rashin iyawar ce ke ba da dariya. Da aka zo wasan ƙarshen zango, na ƙi zuwa gwaji ko sau ɗaya. Na hau dandamali da kwalabe uku da ƙyalle, na yi ta kuskure na gaskiya. Zauren ya yi tsit. Ba wanda ya yi dariya, tausayina suka ji, kuma tausayi ya fi ihu ciwo. Daga ranar na yanke cewa ba ni da baiwa, na bar wasan kwaikwayo, kuma wannan ne kuskuren da ya fi girma.

Sai da na girma na san cewa Cooper ɗan ƙungiyar Magic Circle ne, wato ƙungiyar ƙwararrun masu rufa-ido ta Landan. Ya iya dabarun sarai, shi ya sa yake iya ɓata su daidai inda yake so, a daidai daƙiƙar da yake so, wani lokacin kuma ya bari ɗaya ta yi kyau don jama'a su rikice. A 2016 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya karɓi takardunsa, ciki har da durowar da yake adana barkwancinsa, a rubuce, a jere bisa haruffa. Mutumin da na ɗauka sakarai ashe ma'aikaci ne mai tsari.

Don haka ku nemi littafi ku riƙa rubuta duk abin da ya faɗo muku. Ku maimaita wasa sau goma kafin ku kunna kyamara, ku gwada shi a gaban wanda ba ya jin kunyarku. In ya faɗi ƙasa, ku duba inda lokaci ya kuɓuce muku kafin ku zargi baiwa.

Ranar 15 ga Afrilu 1984 ciwon zuciyar da ya zama ajalin Cooper ya kayar da shi a kan dandamalin gidan wasa na Her Majesty's Theatre da ke Landan, ana nuna shirin kai tsaye, yana da shekara 63. Jama'a suka yi ta dariya, sun zaci cikin wasa ne. Ana yawo da wannan bidiyo a intanet, ina roƙonku kada ku neme shi, mutuwar mutum ba abin kallo ba ce. Ku nemi na kwalaben, ku kashe sauti, ku zuba wa hannayensa ido.