Ƙofar Marsandin da ta ƙi shiga dangi

Shekarata ta uku a garejin fenti a Birnin Kebbi wani Alhaji ya kawo Marsandi 230E ta mahaifinsa, irin W123 ɗin nan da aka fara sayarwa a 1976. Mai babur ne ya goge mata ƙofar baya. Ya ce wa ogana, "Malam, ƙofar kaɗai za a taɓa. Sauran jikin yadda Baba ya bar shi nake son sa."

Oga ya miƙa mini aikin. Na ɗaga bonet, na duba ƙaramin farantin ƙarfen da ke gaba wajen lagireto, na ga lambar fenti 623, kalar hauren giwa, mai kama da ta tasi a Jamus. Na haɗa fenti daidai da lambar, na fesa bayan magariba a ƙarƙashin ƙwan lantarki, na tafi gida ina jin kaina gwani.

Da gari ya waye, ƙofar ta fito kamar bare a gidan biki: ta fi sauran jikin rawaya, ta fi shi sheƙi. Oga bai yi faɗa ba. Ya buɗe but ya nuna mini cikin murfin, inda rana ba ta taɓa kaiwa, sannan ya dafa rufin motar. Kala biyu ne! Ya ce, "Yaro, lambar nan ta ranar da aka haife ta ce. Shekara nawa ta yi tana shan ranar Kebbi?"

Sai na koma gwaji a kan gutsuren kwano. In ƙara ɗigon fari, in fesa, in jira ya bushe sarai, domin ɗanyen fenti maƙaryaci ne, sannan in kara shi da jikin motar a hantsi da kuma la'asar. Kafin nan sai da na goge madigadi da folish, don ashe rabin dusashewar ƙurar hunturu ce da ta kama jiki. Kwano na bakwai ne ya shige. Kuma mun yi sa'a kalar ba mai ƙyalƙyali ba ce. Irin wannan ko nisan bindigar feshi ka canza, kalar ta canza.

Kwana huɗu aikin ya ci maimakon ɗaya, fentin farko kuma daga aljihuna. Da Alhaji ya zo, ya zagaya motar sau biyu, ya tsaya a ƙofar da ba ita ba yana shafawa, ya ce, "Wannan ce ko?" Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, zagaya dai."